Jan sida na yamma da jan sida na gabas: wanne ya dace da wane aiki

Katako iri biyu ne daga Arewacin Amurka ake sayarwa da suna kusan ɗaya, jan sida, amma a wurin aiki ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya. Na farko shi ne jan sida na yamma, wanda masana tsirrai ke kira Thuja plicata. Yana fitowa a dazuzzukan da ruwan sama ya yi wa yawa a gaɓar tekun Fasifik: lardin British Columbia na Kanada, jihohin Washington da Oregon, har zuwa Idaho da Montana da kudancin Alaska. Bishiyar kan kai mita 50 zuwa 60, wata ta haura shekara dubu a tsaye, shi ya sa ake samun dogayen falankai masu faɗi daga jikinta. Da ita mutanen Haida, 'yan asalin wannan gaɓar teku, da maƙwabtansu suke sassaƙa manyan kwale-kwale tun kafin zuwan Turawa. Na biyu shi ne jan sida na gabas, Juniperus virginiana, mai ƙamshin nan da ake ji a tsofaffin akwatunan tufafi. Ƙaramar bishiya ce, galibi mita 5 zuwa 20, mai rassa tun daga gindi, tana bazuwa daga kudu maso gabashin Kanada har gaɓar tekun Meziko, kuma a jihohi irin su Oklahoma da Kansas da Nebraska ta mamaye makiyaya har manoma na biyan kuɗi a sare ta. Duk da sunan sida, babu ɗayansu da yake al'ul ɗin Lebanon, wato sida na ainihi. Danginsu da nasa ma ba ɗaya ba ne.

Girman bishiyoyin nan shi ya raba aikinsu tun daga tushe. Babbar bishiya tana ba da katako dogo, miƙaƙƙe, mara ƙulli. Ƙarama mai rassa da yawa tana ba da gajeren katako, siriri, cike da ƙulli, wato gurbin da reshe ya fito. Kafin ka tambayi farashi, ka tambayi kanka inda katakon zai zauna: a sarari cikin rana da ruwa, a binne cikin ƙasa, ko a rufe cikin ɗaki.

Nauyi da tauri

Busasshen na yamma yana da nauyin kusan kilo 370 a kowane gungume mai mita ɗaya-ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi. Na gabas kusan kilo 530. Kafintan da ya saba da obeche ya riga ya san yadda na yamma yake a hannu, don nauyinsu kusan ɗaya ne, sai dai obeche ba ya jure ruwa, shi kuwa wannan yana jurewa. A gwajin tauri na Janka, inda ake auna ƙarfin da ake buƙata a nutsa ƙaramin ƙwallon ƙarfe rabinsa cikin katako, na yamma yana tsayawa a fam 350, na gabas a fam 900. Iroko yana wajen 1,260. Ma'ana, farcenka ma zai bar shaida a jikin na yamma. Bai dace da saman teburin cin abinci ko matakalar da ake hawa da takalmi kullum ba.

Akwai wani abu da ke ruɗa mutane. Na gabas ya fi tauri, amma na yamma ya fi shi ƙin lanƙwasa: a ma'aunin ƙin lanƙwasa, wanda ake ƙirgawa da gigafaskal, nasa kusan 7.7 ne, na gabas kusan 6.1. Ga shi kuma ƙulli yana raunana na gabas, yana sa shi karyewa farat ɗaya ba tare da gargaɗi ba. Duk da haka kada ka ɗauki ko ɗaya ka yi rafta mai dogon zango ko katakon da zai ɗauki nauyin bene. A Amurka da Kanada ƙashin ginin da wani katako ake yi, irin su Douglas fir ko katakon fain da aka dafa da magani, sida kuma ya zama fuskar da ido ke gani.

Wajen tsukewa duka biyun suna da kirki. Daga ɗanye zuwa bushewa ƙurmus, na yamma yana tsukewa kashi 5.0 cikin ɗari ta faɗin da ya bi zoben shekara, wato da'irar da itace ke ƙarawa a jikinsa duk shekara, da kashi 2.4 ta ɓangaren da ya ratsa zoben. Na gabas kashi 4.7 da 3.1. Wannan ƙanƙanin motsi ne idan aka kwatanta da yawancin katako, shi ya sa ba su cika kantarewa ba.

Zuciya ce ke jure ruwa, ba farin gefe ba

Wannan ita ce ƙa'idar da ta fi kowace muhimmanci, kuma ita aka fi takawa. Sinadaran da ke hana ruɓewa suna cikin zuciyar itacen ne kawai. A na yamma zuciyar launinta daga ruwan zuma zuwa ja mai duhu, kuma sinadaran tujafilisin da sauran danginsu ne ke hana fumfuna cin ta. A na gabas zuciyar ja ce mai sirkin shunayya, cike da mai mai ƙamshi. Farin naman da ke kusa da ɓawo ba shi da wannan kariya a duka biyun. Idan ka sa shi a waje zai ruɓe cikin 'yan shekaru kamar kowane katakon banza.

A na gabas abin a fili yake: fari fat a gefen ja. A na yamma sai ka duba da kyau, don farin gefen siriri ne, wani lokaci inci ɗaya kawai a bakin falanki. Ka juya kowane falanki ka duba bakinsa da kansa. Haka nan ka sani cewa yawancin na yamma da ke kasuwa yanzu daga bishiyoyin da suka sake tsirowa ne bayan an sare tsohon daji, kuma ƙaramar bishiya ba ta tara sinadari kamar tsohuwa ba. Falankin da layukan shekararsa suka matsu kusa da juna ya fi wanda layukansa suka yi nisa.

Game da ƙwari, na gabas ya fi. Na yamma yana da kyau a kan ruɓewa amma juriyarsa ga ƙwari matsakaiciya ce. Duk inda gara take da ƙarfi, kada ka bari ya taɓa ƙasa.

Yadda ake saye

A kasuwar Amurka sunan awo daban, ainihin awo daban. Abin da ake kira 1x6 kaurinsa inci uku bisa huɗu ne, faɗinsa inci biyar da rabi, wato milimita 19 da 140. Tubaifo nasu milimita 38 ne da 89. Falankin dandamali da ake rubutawa 5/4x6 kaurinsa kusan inci ɗaya ne. Idan ka yi lissafi da sunan awo, katako zai gaza maka.

Na yamma ana raba shi gida biyu: mara ƙulli da mai ƙulli. Wanda aka buga wa Clear Heart zuciya ce zalla ba ƙulli, shi ne mafi tsada. Wanda aka rubuta Select Knotty yana da ƙulli amma masu kama jiki, ba masu faɗuwa ba, kuma ya isa ga shinge da bangon waje. A mai ƙulli ka danna kowane ƙulli da babban yatsa. Wanda baƙin zobe ya kewaye, ko yake motsi, zai fita ya bar rami. Ka ƙara kashi 10 cikin ɗari a kan lissafinka don abin da za a yanke a zubar.

Na gabas ba kasafai ake samun sa da irin wannan tsari ba. Yawanci ƙananan injinan yanka katako ne ke fitar da shi, faɗi inci 3 zuwa 6, tsawo ƙafa 4 zuwa 8. Ƙulli dole ne, kada ka ɓata lokaci neman wanda babu. Abin dubawa shi ne yawan ja a kan fari, da tsagar da ta bi tsakiyar itace, da ɓawon da ya nutse cikin katakon. A nan ƙarin kashi 25 zuwa 30 shi ne hankali.

Kafin aiki, a jera katakon a inuwa, sama da ƙasa da aƙalla santimita 15, da ƙananan sanduna tsakanin kowane layi don iska ta ratsa. Wanda aka busar a tanda kwana 7 zuwa 10 sun ishe shi ya saba da iskar wurin. Ɗanye yana buƙatar aƙalla kwana 30. Dalili kuwa, katako yana bin laimar iskar da yake ciki: a iskar da laimarta ta kai kashi 65, ruwan jikinsa kan tsaya a kusan kashi 12, idan laima ta sauka zuwa kashi 20, kamar yadda ake gani lokacin hunturu a Kano ko Zinder, yakan koma ƙasa da kashi 5. Falankin na yamma mai faɗin milimita 140 da ya sauka daga kashi 12 zuwa 6 zai tsuke da kusan milimita ɗaya da rabi. A falanki ɗaya ba komai ba ne. A ƙofar da aka haɗa da falanki shida, tsaga ce da za ka hango haske ta cikinta.

Aiki da na yamma a waje

Maganar ƙusa ce farko. Sinadaran da ke cikin katakon suna haɗuwa da baƙin ƙarfe idan akwai danshi, sai baƙin tabo ya zubo ƙasan kowace ƙusa kamar an ɗiga tawada, ƙusar kuma tana cinyewa a ciki. Ka yi amfani da ƙarfe mara tsatsa lamba 304, ko 316 idan kusa da teku ne. Idan kuɗi bai kai ba, ƙusar da aka tsoma cikin narkakken tutiya tana yi, ko ta alminiyom. Wadda aka shafa wa tutiya sama-sama da lantarki ba ta yi, rufinta siriri ne, guduma ma tana ɓare shi. Saboda wannan dalilin ne ba a goge sida da soson ƙarfe ko buroshin waya, kuma ba a yanka ƙarfe kusa da shi: ɓurɓushin da ya sauka a kai zai zama ɗigon baƙi bayan ruwan farko. Idan tabon ya riga ya fito, ruwan asid na okzalik yana cire shi. A shafa, a bari ya yi aiki, a ɗauraye sosai, da safar hannu da tabarau.

Idan bangon waje za a lulluɓe, kada a manna katakon kai tsaye a jikin bango. A fara kafa siraran sanduna a tsaye, kaurin milimita 10 zuwa 19, tazarar santimita 40 zuwa 60, a bar ƙasa da sama a buɗe da ragar hana ƙwari, don ruwan da ya shiga baya ya sami hanyar fita. Layin farko ya kasance aƙalla santimita 15 sama da ƙasa. Kowane falanki ya hau kan na ƙasansa da aƙalla inci ɗaya. Ƙusa ɗaya a kowace sanda, a buga ta dab da saman inda na ƙasa ya ƙare, kada ta huda falanki biyu lokaci ɗaya. Idan ta huda biyu, ta ɗaure su, kuma ranar da suka tsuke ɗaya zai tsage. Ƙusar ta shiga katakon baya da aƙalla milimita 32, kanta ya zauna daidai da fuskar falanki. Katakon yana da laushi, bugu ɗaya na ƙari zai nutsa kan ƙusar ya bar ramin da ruwa zai kwanta. Kusa da ƙarshen falanki a fara huda rami da dirila.

A dandamali, falankin inci ɗaya yana son katakon da ke ƙarƙashinsa ya kasance kowane santimita 40. Mai kaurin milimita 38 zai iya kai 60. A bar tazarar milimita 3 zuwa 6 tsakanin falankai, sukuru biyu a kowane mahaɗi. Ginshiƙai kuma a ɗora su kan takalmin ƙarfe da aka dasa a kankare, ƙasansu ya ɗaga daga siminti da kamar inci ɗaya. Kan katako, inda aka yanke, shi ne ke zuƙar ruwa fiye da ko'ina, kuma ta nan ruɓewa ke farawa.

Sai rufi. Ana yanka na yamma ƙanana-ƙanana a yi rufin gida da shi, tsawon inci 16, 18 ko 24. Mai inci 16 ana barin inci 5 ne kawai a fili a kowane layi, ta yadda ko'ina a rufin yana da ninki uku, kuma dami huɗu ke rufe murabba'in ƙafa 100. Tsakanin ɗaya da ɗaya a bar inci ɗaya bisa huɗu don kumburi, mahaɗin layi kuma ya kauce wa na ƙasansa da aƙalla inci ɗaya da rabi. Ƙusa biyu kacal a kowanne, komai faɗinsa. Rufin yana son gangara sosai da iska ta ƙarƙashi, kuma yana kama wuta, abin da ya sa wasu garuruwan California suka hana shi ko suka wajabta wanda aka dafa da maganin gobara.

Wajen fenti, ka yanke shawara tun kafin a kafa. Idan an bar shi haka nan zai koma ruwan toka cikin shekara ɗaya ko biyu, kuma wannan ba ruɓewa ba ce. Idan ana son launinsa ya daɗe, a shafa mai mai shiga jiki wanda ke da ɗan launi a ciki, don launin ne ke tare hasken rana, a sabunta shi duk shekara biyu zuwa uku. Fanish mai sheƙi wanda ke yin fata a sama ba na waje ba ne: rana tana cin katakon ta ƙarƙashinsa, ya ɗaɗɗago, kuma kankare shi daga katako mai laushi wahala ce. Idan fenti ne sosai, sai an fara da shafin farko na mai wanda ke tare tabo, a dukkan fuskoki shida, har baya da kawunan da aka yanke. In ba haka ba, ruwa zai narkar da jan sinadarin ya fito da shi ta cikin farin fenti. Kuma kada a bar katakon makonni a rana kafin fenti. Fuskar da rana ta ci ba ta riƙe fenti.

Ƙurar na yamma ba abin wasa ba ce. Akwai asid a cikinta, filikatik, wanda aka tabbatar yana jawo asma ga masu aikin katako, kuma wasu ba sa warkewa ko bayan sun bar aikin. Takunkumi mai tace ƙura sosai, ba ƙyalle ba, da injin zuƙe ƙura ko aiki a fili.

Aiki da na gabas

Turken shinge shi ne aikinsa na asali a gonakin Amurka. Ka zaɓi wanda jan cikinsa ya kai aƙalla inci 3 zuwa 4 a ƙaramin kan, don farin zai ruɓe ya bar jan kaɗai yana riƙe da waya. A ɓare ɓawon, a binne kashi ɗaya bisa uku na tsawon, da tsakuwa santimita 15 a ƙasan ramin, a daddale ƙasa kaɗan-kaɗan. Turken da ya cika ja yana yin shekaru gommai. A da ma da shi ake yin fensir, har manyan bishiyoyin suka yi ƙaranci aka koma wani sida na California.

A cikin gida kuwa, akwatin tufafi da rufin cikin kabad. A nan ma akwai abin da ya kamata a faɗa a fili: tururin man yana kashe ƙananan tsutsotsin asu ne idan ya taru a wuri rufaffe, amma ba ya kashe ƙwai ko manyan tsutsotsi. Don haka akwatin ya zama mai murfi da ke zama daram, katakon ya kai kaurin inci uku bisa huɗu, mafi yawansa ja, tufafin kuma a wanke su kafin a ajiye. Ƙananan guntaye a cikin kabad da ake buɗewa kullum ƙamshi kawai suke bayarwa.

Tunda falankan sirara ne, sai an haɗa su gefe da gefe. A daidaita bakunan, a goge su da asiton don cire man da ke sama, a shafa gam cikin 'yan mintuna, a matse. A injin share katako, jijiyar da ta kewaye ƙulli tana tsinkewa ta bar rami; wuƙa ta zama mai kaifi, kowane zagaye kada ya ci fiye da rabin milimita, ƙarshen kuma a gama da sanfefa lamba 120 sannan 180. Ƙullin da ya tsage a cika shi da gam mai haɗi biyu. Duk inda sukuru zai shiga a fara huda rami, don katakon yana darewa.

Cikin akwatin ba a shafa masa komai. Fanish zai toshe ƙamshin, tururin man kuma zai narkar da fanish ɗin ya zama danƙo ya manne wa tufafi. A waje a fara da shafi ɗaya ko biyu na shalak, wani irin fanish mai saurin bushewa, ya raba man itacen da fanish, don man yana hana fanish mai mai bushewa da wuri. Jan nan mai sirkin shunayya ba ya dawwama. Haske yana mayar da shi ruwan ƙasa-ƙasa, kuma gara a gaya wa mai aiki tun farko. Idan ƙamshi ya ragu bayan shekaru, a bi cikin da sanfefa sama-sama, zai dawo. Farin yadi mai daraja a naɗe shi cikin zanen auduga kada ya taɓa katakon, saboda man yana iya barin tabo.

Makullin akwati kuma kada ya zama mai kulle kansa idan murfi ya faɗa. A 1996 an yi kiran gyara miliyoyin irin waɗannan akwatuna a Amurka bayan yara sun shiga ciki suna wasa, murfi ya kulle, iska ta ƙare musu. A sa makullin da sai an murɗa da hannu daga waje, da madogarin da ke hana murfi faɗowa.

Don rufin cikin kabad, ana sayar da siraran falankai masu kaurin inci uku bisa takwas waɗanda bakinsu ke shiga cikin juna. A fara daga ƙasan bangon baya, a duba layin farko da ma'aunin ruwa, a buga ƙananan ƙusoshi a karkace ta cikin harshen falankin don na gaba ya rufe su, a bar milimita 5 a kusurwa.

Wanda yake aiki a Ghana ko kudancin Najeriya zai iya cin karo da katako na uku mai irin wannan suna, sidirela, Cedrela odorata. Asalinsa daga tsakiya da kudancin nahiyar Amurka ne, an shuka shi da yawa a Afirka ta Yamma, kuma dangin maɗaci ne. Nauyinsa kusan kilo 470, taurinsa fam 600, wato tsakanin waɗancan biyun, yana da ƙamshi kuma yana da sauƙin aiki. Don kabad, ƙofa da cikin akwati yana yin aikin da ake nema daga na gabas ba tare da kuɗin jirgin ruwa ba. Aibinsa shi ne wani lokaci yana fitar da danƙo ta fuskarsa bayan an gama aiki, musamman idan bai bushe sosai ba, don haka a nemi wanda aka busar a tanda, kuma a goge danƙon da asiton kafin a shafa komai.